Yaren da Baba Ya Farka da Shi

Unguwar Magajiya,
Suleja, Jihar Neja.
Oktoba, 1979.

Zuwa ga Baffana, Malam Ɗantala, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda 'ya take yi wa uba, ina fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna Hauwa da yara da duk mutanen zango. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sa ciwon gwiwar nan da kuka ambata ya zama kaffara. Mu a nan sai godiyar Allah. Ruwa ya fara ɗaukewa, sabuwar doya ta cika kasuwa, kullum da safe sai ka ga Gwarawa sun jero da ita a kafaɗa. Gari kuwa ya cika da baƙi masu aikin sabon birni, har ɗakin da muke tara itace an zo an tambaye mu ko za mu ba da haya. Maigidana Zakariya ɗinki ya yi masa yawa saboda Babbar Sallah ta ƙarato, 'yarmu Daso kuma ta fara tafiya, ba abin da take bari a inda aka ajiye shi. In za ku aiko da amsa ku rubuta Suleja a bayan ambulan, domin sunan Abuja an ɗauke mana shi an kai can inda ake sare daji.

Baffa, takardarku ta iso ta hannun Tanko ɗan Gwaggo Laraba, shi ne ya karanta mana ita a tsakar gida, kowa yana ji. Na ji umarnin da kuka bayar, cewa a ɗauki Baba a kai shi wurin mai maganin nan na ƙauyen bayan Garam, a bar shi a can har sai abin da ke jikinsa ya fita. Tun ina yarinya ban taɓa mayar muku da magana ba, kun sani. Ku kuka yi mini huɗuba lokacin da Baba yana can ƙetare, ku kuka tsaya aka sa ni makaranta da mutane suka ce ɓata lokaci ne, ku kuka ba da aurena. Amma wannan karon ban bi umarninku ba, kuma gara in faɗa muku da hannuna tun kafin wani ya faɗa muku da nasa bakin: ni ce na hana a tafi da shi, kuma ba zan bari a tafi da shi ba. Abin da nake roƙo shi ne ku karanta takardar nan har ƙarshe kafin ku yi fushi, domin labarin da aka aiko muku rabi ne.

A farkon damina abin ya same shi, da hantsi, yana alwala. Buta ta suɓuce daga hannunsa, ya kife a gefen rijiya. A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ɓarin damansa ya shanye. Da ya farfaɗo muka yi ta hamdala, sai ya buɗe baki, abin da ya fito kuwa ba Hausa ba ce, ba Larabci ba, ba Turanci ba, ba Gwaranci ba. Ya dubi Inna, mahaifiyata, yana ta maimaita wata kalma, agwa, agwa, yana kuka don haushi. Gwaggo Laraba ta ja da baya ta ce shi ke nan, iskar ruwa ce ta biyo shi daga teku, ga shi har tana faɗin sunanta. Daga ranar aka fara turare da hayaƙi a ɗakinsa, maƙwabta suka hana 'ya'yansu shigowa, wasu ma in za su wuce ƙofar gidan sai sun yi a'uziyya. Kun san ƙaninku ya yi sama da shekara ashirin yana sayar da yadi a tsibirin Fanando Fo, wanda 'yan kudu suke kira Fanya, har lokacin da aka tura jirgin ruwa aka kwaso mutanenmu. To tunda ya dawo bai taɓa yin yaren can a gabanmu ba. Abin da ya gani kafin su fito ya sa ko sunan wurin ba ya son a ambata. Saboda haka babu wanda ya san yadda yaren yake a kunne, balle ya gane shi.

Allah ne ya kawo mana mafita ta bakin mai shayi. Wata safiya Zakariya yana zaune a teburin shayi na bakin tasha, yana ba abokinsa labari, ya kwaikwayi kalmar. Wani mutum da ke ƙarshen benci ya ajiye kofinsa ya ce a sake faɗa. Sunansa Chukwuka, Ibo ne, gyaran rediyo yake yi a kasuwa. A can Fanya aka haife shi, a can ya yi makarantar mishan, a jirgin ruwa shi ma ya dawo, aikin sabon birni ya jawo shi arewa. Da 'yar Hausarsa mai gargada ya ce wa Zakariya wannan mutumin ruwa yake nema, ruwan sha. Baffa, ku duba wannan. Tsawon makonni ƙaninku yana kwance yana roƙon ruwa, mu kuma muna banka masa hayaƙi.

Da yamma Zakariya ya zo da shi gida. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin gado ya gai da Baba da Sifaniyanci, wato yaren Turawan da suka mulki tsibirin. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canja haka ba. Baba ya damƙe hannunsa da na hagu, kalmomi suka yi ta zubowa, hawaye na bin kunnensa. Chukwuka ya ce mana maganar ba ta fita a jere, gutsi-gutsi take zuwa, kalma ɗaya ko biyu, amma kowace kalma ta gaskiya ce kuma tana kan hanya. Abin da ya fara nema shi ne a juya shi ɗaya gefen don bayansa ya yi tsami, sannan a daina hayaƙin nan don yana shaƙe shi. Da na koma na gaya wa likita, bai yi mamaki sosai ba. Ya ce yakan faru, mai yare biyu in wannan ciwo ya kama shi wani lokaci ɗaya ya toshe ɗaya ya buɗe. Ya ce Hausar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa, Allah ne masani. Amma jinta yana ji sarai, duk abin da aka faɗa a gabansa yana fahimta. Wato duk ranar da aka tsaya a kansa ana cewa ya haukace, yana ji.

Chukwuka yana da shagonsa da iyalinsa, ba zai tare a gidanmu ba. Sai na ce to ni zan koya. Na san an rubuto muku cewa matar aure tana zama da wani ƙato Kirista tana koyon yaren kafirai. Ga yadda zaman yake: a zauren gidan Baba ne, bayan la'asar, Zakariya yana gefe da kekensa yana ɗinki, ƙofa a buɗe, duk mai wucewa yana ganinmu. Mutumin nan ko sisi bai taɓa karɓa ba, in aka kawo masa tuwo ma sai an yi da gaske yake ci. Ya ce uwarsa a can aka binne ta, in ya ji yaren a bakin Baba sai ya ji kamar ya leƙa gida. Masu magana sun yi ta yi, har a makarantar da nake koyarwa wata ta tambaye ni ko coci zan fara zuwa. Na ce mata ranar da ubanta ya nemi ruwa ta kasa ganewa, ta zo mu yi maganar. Ban ji kunyar abin da nake yi ba, kuma ba zan ji ba.

Da farko na ɗauka haddar sunaye ce kawai, ruwa, abinci, zafi, sanyi, barci. Ashe wuyar tana wurin fi'ili, kuma sai da abin ya kusa cin ran Baba na gane haka. Likita ya ba shi ƙwayoyin hawan jini, ya ce kada a kuskura a tsallake. Suna cikin wani gwangwani a kan taga, Inna ce take ba shi da safe tunda ni ina makaranta. In na zo da rana sai in nuna gwangwanin in tambaye shi ko yana shan magani. Akwai fi'ilin da suke cewa tomar, yana nufin sha, yana kuma nufin ɗauka. Chukwuka ya riga ya koya mini cewa tomo shi ne ina sha. To kullum na tambaya sai Baba ya faɗi kalmar, ya nuna gwangwani, ya nuna ƙofa. Ni kuwa sai in ce madalla, Allah ya ƙara sauƙi, in gyara masa matashi. Sai ya yi tsaki ya juya fuska bango. Ana haka jikinsa ya fara komawa baya, ciwon kai, jiri, ido ya yi ja, abinci ma ya daina karɓa. Gwaggo ta ce ai ga shi nan, maganin asibiti ba ya yi wa iska komai.

Ranar Lahadi Chukwuka ya biyo daga coci ya duba shi. Na yi tambayar a gabansa don in nuna masa na iya. Baba ya amsa. Chukwuka ya ɗaga hannu ya ce in tsaya, ya roƙi Baba ya sake faɗa. Sannan ya juyo ya ce mini ba tomo ya ce ba, tomó ya ce. Na ce ai duk ɗaya ne. Ya ce ko kusa. Ya tafa hannu sau biyu, to, mo, ya ce gaɓa biyu ce a nan, gaɓa biyu ce a can, haruffan ma ɗaya ne, amma in murya ta danna gaɓar farko, mai magana ne yake sha, yanzu. In ta danna ta ƙarshe, wani ne daban, kuma ya riga ya yi: ya ɗauka, ko ta ɗauka. Na tashi na buɗe gwangwanin. Babu ƙwaya ko ɗaya, sai wani garin magani baƙi a ƙulle cikin tsumma. Inna ta fashe da kuka, ta ce Gwaggo ce ta kwashe, wai mai maganin Garam ya aiko cewa ba a haɗa nasa da na Bature, ita kuma ta ji nauyin ta gaya mini don kada a yi rigima da dangin miji. Ban yi wa Inna faɗa ba. Na yafa gyale na tafi gidan Rifkatu, wata nas maƙwabciyarmu mutuniyar Kagoro, ta zo ta auna jininsa, da ta ga yadda ya hau sai ta ce a nemo mota. Kwanansa biyu a asibiti kafin jinin ya sauka. Yanzu gwangwanin yana cikin jakata, ni nake ba shi da hannuna kafin in tafi aiki.

Tun daga ranar na daina wasa da abin. Bari in ɗan yi muku bayani, Baffa, ba don in nuna muku ilimi ba, ni wa, sai don ku da kuka yi karatun sarfu kun fi kowa sanin cewa abin da yake da ƙa'ida ba hauka ba ne. Ku kuka koya mini kataba da katabtu da katabna a kan buzu a zaurenmu, kuka ce tushen yana nan ba ya motsi, ƙarshen ne yake gaya maka wanda ya yi aikin. To wannan yaren ma haka yake. Tushen shi ne tom, shi ke ɗauke da ma'anar sha ko ɗauka. Sai a liƙa masa wutsiya. Tomo, ina sha. Tomas, kana sha. Toma, yana sha. Tomamos, muna sha. Ba sai an ce ni ko kai ko mu ba, wutsiyar ta wadatar. Abin da ya ba ni mamaki, ni da nake koya wa 'yan aji ɗaya raba gaɓa kullum, shi ne inda ake yanka kalma don ma'ana daban yake da inda baki yake yanka ta. Don ma'ana tom ne da o, amma a baki to ne da mo, domin baƙin da ya faɗo tsakanin wasula biyu na gaba yake bi, kamar yadda muke cewa tu-wo ba tuw-o ba. Sannan a kowace kalma akwai gaɓa ɗaya da murya take dannawa. In kalma ta ƙare da wasali, ko da n, ko da s, gaɓar kusa da ƙarshe ake dannawa, shi ya sa ake cewa to-MA-mos. In ta ƙare da wani baƙin daban, kamar to-MAR, ta ƙarshe ce. In kuwa kalma ta saɓa wa wannan, sai su ɗora mata wani ɗan tsinke a kan wasali, kamar wasalin bisa na allo, don mai karatu ya sani. Tomé, na sha. Tomó, ya sha. Tomaré, zan sha. Mu ma ai muna da irinsa ba mu lura ba. Kuka na ido da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, murya ce take raba su, kuma ba Bahaushen da zai ruɗe. Ƙaninku, da rabin bakinsa a karkace, bai taɓa ɗora nauyin a inda ba wurinsa ba. Chukwuka ya gwada shi ya sake gwadawa. Kalma takan ɓace masa, ya yi ta lalube har ya gaji, amma in ta zo daidai take zuwa, da wutsiyarta da nauyinta. Ni ce kunnena bai iya ba. Yanzu in ya yi magana nakan tafa a cinyata a hankali ina bin gaɓoɓin, shi kuma in na kama sai ya lumshe ido.

Da takardarku ta zo ban tsaya gardama a kan abin da ban gani ba. Na ce wa Zakariya ya ɗauke ni a babur mu je mu ga wurin da kuke so a kai shi. Mun je. Ba zan zagi mutumin ba, wataƙila akwai waɗanda Allah ya ba su sauƙi ta hannunsa. Amma na ga mutane a turu a ƙarƙashin rumfar kara, ruwan sama ya jiƙa inda suke kwance. Na ga wani dattijo sa'an Baba da mari a ƙafa, ƙafar ta kumbura ta haɗiye ƙarfen. Na ga bulalar da ake fitar da iska da ita a rataye. Na tambayi mai maganin yadda yake gane iska ta fita, ya ce in mutum ya daina yaren aljanu ya koma na mutane. Baffa, ku auna wannan da kanku. Mutumin da likita ya ce Hausarsa tana iya ƙin dawowa har abada, yaushe za a kwance shi? Wa zai juya shi in bayansa ya yi tsami? In ya ce agwa, wa zai ba shi? A hanyar dawowa, da muka hango dutsen Zuma, na ce wa Zakariya sai dai a bi ta kaina. Ya ce to, a bi ta kanmu.

Ranar Asabar da safe Tanko ya zo da a-kori-kura da samari biyu, Gwaggo tana gidan gaba da ƙullin kayan Baba da ta riga ta sa Inna ta haɗa. Na fito na tsaya a ƙofar zaure na riƙe dogaran ƙofar hannu bibbiyu. Gwaggo ta ce in matsa, umarnin babban wa ne, ni wace ce. Na ce ni 'yarsa ce, kuma ba zan matsa ba. Ta ce boko ya ɓata ni, na zama marar kunya, ta kira ni da sunayen da ba zan rubuta muku ba. Na ce duk na ji, amma ba zan matsa ba. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa tsayawa gaban babba haka ba. Mutane suka taru. Tanko ya rasa yadda zai yi, don ba zai sa hannu ya ture ni a gaban mijina ba. Ana cikin haka Liman ya iso, wani ya je ya kira shi. Ya saurari Gwaggo, ya saurare ni, sannan ya ce shi mai jikin an tambaye shi kuwa? Babu wanda ya taɓa tunanin haka, har ni.

Muka shiga ɗakin, Liman da Tanko da Gwaggo da Inna da ni. Liman ya zauna a bakin gado ya kira shi da sunansa, Malam Mu'azu, ya gaya masa da Hausa abin da ake ciki, bai rage komai ba, ya tambaye shi ko zai bi su. Baba ya kama ƙarfen gado da hannun hagu har jijiyoyin suka fito. Bakinsa ya yi ta motsi, muna jira. Sannan ya ce, da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba: “No. Me quedo.” Ana rubuta shi da q da u amma ke ake furtawa, me KE-do, nauyin a gaɓar farko. Na ce wa Liman ya ce a'a, ina nan, ba inda za ni. Tanko ya ce ta yaya za a san ba ƙirƙira nake yi ba, tunda ni kaɗai ce nake ji. Maganarsa gaskiya ce, ban ji haushinta ba. Liman ya sa aka fitar da ni tsakar gida, ya aiki yaro kasuwa ya kira Chukwuka, aka shigar da shi ba tare da mun haɗa ido ba. Ina jiyo su ta taga. Liman ya sake tambaya, Baba ya sake faɗa, Chukwuka ya ce, “Ya ce shi yana nan, ba ya tafiya.” Liman ya tambayi Chukwuka ko ba wani ne yake magana ta bakin Baba ba. Chukwuka ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani shi ne da wani ake nufi da quedó zai ce, nauyi a ƙarshe, amma wannan mutumin kansa yake nufi, kuma yau yake nufi.

Daga nan Liman ya sa aka dawo da ni ɗakin, sannan ya yi wani abu da ban zata ba. Ya ɗaga hannu ya fara Fatiha da ƙarfi. Sai ga muryar Baba ta bi shi. Aya bayan aya, Larabci tsaf, ba gargada, har amin. Mu duka ba mu san tana nan ba, don tun da ya kwanta a zuci yake sallarsa, leɓe kawai muke gani yana motsi. Inna ta zube a ƙasa tana kuka. Tanko ya fita ya sallami mai mota, ya dawo ya zauna a ƙarshen gado ya ɗauki ƙafar Baba ta dama ya ɗora a cinyarsa yana matsawa har azahar. Gwaggo kuwa ta ce aljanu ma akwai Musulmi a cikinsu, ta ɗauki mayafinta ta fita. Har yau in na gaishe ta ba ta amsawa, ni kuma ban daina gaishe ta ba. Na san tsoro ne yake damunta, ɗan'uwanta ne, tana ganin yana magana ba ta gane shi. Amma tsoronta ba zai sa a ɗaure mini uba ba.

Liman ya ce a ganinsa mutumin da yake cikin hankalinsa ba a kai shi turu, amma magana ce ta zumunci, shi ba zai shiga tsakanin wa da ƙani ba, a dakata a ji abin da za ku ce. Shi ya sa kowa yanzu Kumasi yake kallo. Ni dai ga inda na tsaya. Mun kwaso kayanmu ni da Zakariya mun dawo ɗakin da ke kusa da na Baba, keken ɗinkin ma yana zaure. Rifkatu tana zuwa tana auna shi, ta koya mana yadda ake motsa masa hannu da ƙafa, yanzu yana iya zama in an jingina shi, yana kai cokali baki da hagu. Karatuna ina ci gaba da shi, Inna ma ta fara kama 'yan kalmomi, shekaranjiya na ji ta tana ce masa toma, wato karɓi ka sha, da za ta ba shi kunu, ya yi dariyar da rabonmu da ita tun kafin azumi. In kun rubuto kun janye umarninku, zan yi muku godiya har ƙarshen raina. In kun rubuto kun ce a tafi da shi, zan karanta takardar da ladabi, in sumbace ta, in ajiye, in koma ƙofar zaure in tsaya. Ba raini ba ne, Allah ya sani. In fushi za ku yi, ku yi da ni kaɗai, kada ku haɗa da Inna ko Zakariya. Na gwammace ku yi shekara ba ku amsa gaisuwata ba da in wayi gari in ji ya cika a turu yana kiran ruwa.

Jiya da yamma na zauna kusa da shi na ce masa zan rubuta muku takarda, ko akwai abin da yake so in faɗa wa yayansa. Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Na ga yana nema, kalma ta zo ta kuɓuce, ya cije leɓe, ya sake nema. Na ɗauka ya haƙura, har na fara tattara takarduna, sai ya riƙo gefen zanena ya ce, “Ven.” Ban san ta ba. Da safe kafin in wuce makaranta na tsaya a shagon Chukwuka na tambaye shi, na ce ina ake danna ta don kada in sake kuskure. Ya ce wannan gaɓa ɗaya ce tak, ba ta da inda za a yi kuskure. Ma'anarta zo.

Saƙonsa ke nan, Baffa, ban ƙara ba ban rage ba. Na san hanya da nisa, ga gwiwa, ga wahalar iyaka. Amma rabonku da juna an daɗe, kuma duk abin da za ku faɗa masa zai ji. In kun zo kun zauna a bakin gadon nan kun dubi idonsa, sannan kuka ga mahaukaci, ku faɗa mini a gabansa.

Inna tana gaishe ku da kyau, ta ce a gai da Inna Hauwa, a gaya mata man zafin nan da ta aiko yana yi wa Baba amfani. Zakariya yana gaisuwa, Tanko ma ya ce in sa sunansa. A gai da Yaya Ayuba da iyalinsa, da su Bilki da Sa'adu, da duk wanda ya tambaye mu. Ku sa Baba a addu'a bayan kowace salla, ku sa ni ni ma, ko da kuna fushi da ni. Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam.

Ni ce 'yarku,
Ummulkhairi Mu'azu.